Rezar Kakanka Ba Ta Kwana a Waje

"…lafiya lau, sai dai kewar mijin da ya gudu ya bar ni," in ji Kaka, tana gyara zama a kan tabarma.

Tun rasuwar maigidanta jikan nan nata, mijinta na wasa, ya ɗauke ƙafa. Ta san ba ƙiyayya ba ce, ganin kujerar tsohon ba kowa a kai ne ba ya iya jurewa. Ita kuwa shirun gidan ya kusa cinye ta. Yau da ya shigo, ta ƙudura ba zai sake ɓacewa ba.

Ta ƙura wa haɓarsa ido. "Maigida, da kyanwa ka yi kokawa?"

"Aski na yi, tsohuwa. Idon ne ya tafi?"

"Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, amma naka zanen jini yake yi."

"Laifin rezar kanti ne. Ki ba ni ta Kakana, ko in sake ki in nemo mai haƙora."

"Wace mai haƙoran za ta karɓi fuska kamar an yi kaftu?"

Ta miƙe da ƙyar, ta ɗauko gidan rezar daga bakin taga, irin na ƙarfe mai nauyi da ake murɗe gindinsa a saka reza. Ta haɗo da burushi da sabulu da kwanon silba, ta zuba ruwan zafi daga fulas.

"Zauna. Ɓarin da ka bari za mu gyara."

Ya dubi kujerar tsohon. Sannan ya zauna.

"Jiƙa tawul ka dafe gemun ya yi laushi. Kumfar nan ta yi ruwa, ƙara murzawa. Kai, kada ka danna! Ba fartanya ba ce, nauyinta ya isa. Bi kwanciyar gashin, kaɗan-kaɗan, kana ɗaurayewa."

"Ikon Allah! Yaushe tsohuwa ta zama wanzamiya? Ko gemu kike ɓoyewa a mayafi?"

"Da hannun kakanka ya soma rawa, wa kake tsammani yake masa? Ranar farko na yanke shi a nan, ƙasan kunne. Ni ke kuka, shi yana dariya, wai ya auri mahauciya bai sani ba."

Jikan ya ja rezar a hankali, ta wuce sumul. Ya tsoma ta a ruwa, ya ƙwanƙwasa ta a bakin kwanon, ƙwas-ƙwas.

Kaka ta juya fuska wajen bango. Wannan ƙarar ce ke tashinta kowace safiya tun tana amarya, kuma ba ta sake jin ta ba sai yanzu.

"Amarya, kuka kike?"

"Kumfarka ce ta shigar min ido, mugun miji."

"To na ci gadon?"

"Ka ci. Amma rezar kakanka ba ta kwana a waje. Mai so ya zo nan ya yi askinsa, ya mayar da ita bakin taga."

"Kullum? Wannan ai kulle ne."

"Gemun ne zai riƙa koro min kai."

Ya yi dariya. Ya goge rezar da tawul, ya mayar da ita inda take.

"Na sallama, uwargida. Ki ɗora ruwan zafi da wuri gobe."