Gurguwar Goɗiyar Farfesan Kofato

Kai jama'a, ku matso! Mai wanki, bar wankin nan ki zo ki ji! Yau ƙanena ya wanku, kuma da bakin Farfesan Kofato!

Kun san shi ai, dillalin dawakin nan mai sandar azurfa. Allah ya yi masani. Rufe ido yake, doki ya wuce, ya gaya maka har sunan kakarsa. Shekara ashirin yana sayar da dawaki bai taɓa hawa ko ɗaya ba. Wai manya ba sa hawa, nazari suke. Doki ya yi atishawa kuwa, sai ka tsinci babban mutum a bayan buhunan dusa, yana ci gaba da nazari.

Ƙanena ne mai horar masa da dawaki. Akwai wata jar goɗiya ramammiya da aka kawo, ƙanena ya lura tana da tafiyar laushi, irin wadda ba ta jijjiga mahayi, ƙafa ɗai-ɗai take ajiyewa. Wata uku yana gyara mata taku. Ranar da Farfesa ya ga tana tafiya, sai ya ɗora tabarau a goshi.

"Ɗingishi! Ka gurgunta min dabba, jahili. Ɗauke ta, na ba ka kyauta, kowa ya shaida. Ku fice min daga barga, kai da ita."

Bai tsaya nan ba. Barga-barga ya bi yana cewa yaron nan karya dawaki yake. Shekara guda ba wanda ya ba ƙanena ko linzami ya riƙe. Matarsa har ta daina fita unguwa don kunya. Goɗiyar kuwa a bayan gidana ta zauna, ta cinye min dusa, ta yi ɓul-ɓul, gashi na sheƙi.

Ran nan na ce wa ƙanena, hau ta, riƙe kofi cike da ruwa, in ɗauke ku a waya. Ni da na gama firamare da ƙyar, ina na iya ɗaukar bidiyo? Kansa ma bai fito a bidiyon ba. Amma kofin ya fito, ko ɗigo bai zube ba. 'Yata ta sa a intanet da lambata.

Ashe wani babban likita mai ciwon baya ya sa Farfesa ya nemo masa doki mai laushi ko nawa ne. Yau da safe sai ga aike daga Farfesa: ƙanena ya zo ya ga dokin gaske, ko ya koyi aiki. Na yafa mayafi na bi shi.

Barga cike. Likita na kan kujera. Farfesa ya ɗaga waya sama, bidiyona ne ke ciki!

"Ku dubi taku! Wannan jinin ƙetare ne, kunnen kaɗai ya gaya min. Wanda ya hore ta gwani ne, irinsu ba su wuce uku ba a duniya, kuma duk abokaina ne. Kai," ya nuna ƙanena da sanda, "ko bokitin ruwanta ba ka isa ɗauka ba."

Ƙanena ya buɗe baki, na taka masa ƙafa.

Likita ya ce a kira mai ita yanzu. Farfesa ya gyara murya, ya danna lamba, ya buɗe sauti don kowa ya ji yadda manya ke ciniki.

Sai jakata ta fara kuka.

Ban yi sauri ba. Na ciro mabuɗi, na ciro man leɓe, sannan waya. Na kara a kunne, ina kallonsa.

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe. Gurguwar kake tambaya? Tana nan lafiya. Ga mai horar da ita kusa da kai, abokinka."