Yadda Na Zama Kawu Sauro

Shekarar da soja suka koma bariki na sauka gidan yayata a Gyaɗi-Gyaɗi, na tarar tagwayenta ba sa barci sai da dambe. Na ce, "Yaya, rashin dabara ne. Yaran zamani littafi ake karanta musu."

A kasuwar Tarauni na zaɓo wani mai hoton jariri yana barci, ko buɗewa ban yi ba. Bayan isha'i na gyara murya na buɗe, sai ga hoton sauro kamar akuya ya kafa baki a cinyar wani yaro. Ashe littafin zazzaɓi ne. Ihun yaran har maƙwabta suka shigo da sanduna.

Yaya ta ce, "Sannu, malam mai dabara."

Yau tagwayen sun yi aure, 'ya'yansu ma Kawu Sauro suke kirana.