Yadda Sallau Ya Riƙe Hagu a Kampala

"Wallahi Inna, sai ya koma gida."

"Ba inda zai koma. Ɗan ƙanena ne, ni na ɗauko shi."

"Kin ɗauko shi ya ƙarar mana da yara?"

"Wa ya ƙarar? Duba su, akwai wanda ya ɓace?"

Wanda ake wannan faɗa a kansa yana zaune a bakin ƙofa yana suɗe kwano. Sunansa Sallau, mutumin Rafin Tsamiya, direba ne da hannunsa ya faɗa, amma duk maganar da aka ba shi, yadda ta fito daga baki haka yake haɗiye ta. Gidan kuwa na Dakta Rakiya ne, wadda ta samu aikin koyarwa a wata jami'a a Kampala ta ƙasar Yuganda. Ita motar ma'aikata take bi, don haka ta taho da mahaifiyarta Inna Delu ta duba mata yara, Inna Delu kuma ta taho da Sallau ya riƙa kai su makaranta. Ranar da zai bar ƙauye sai da ya sa aka yi masa kalangu, ya rabar da tsofaffin rigunansa, ya ce wa 'yan teburin mai shayi sai dai su gan shi a hoto. In aka dawo da shi yanzu, ya san har jikokinsa sai an yi wa waƙa.

Matsalar ɗaya ce. Mutanen ƙasar ta hagu suke tuƙi, sitiyarinsu kuma yana dama. Tun ranar farko Rakiya ta ja masa kunne: "Duk wanda ka ga ya bi dama a ƙasar nan mahaukaci ne. Kamata ya yi a ƙwace makullin a kai shi asibiti." Sallau ya gyaɗa kai, ya adana.

Wata rana za shi cefane, Rakiya ta ce, "Abu ne mai sauƙi. Duk abin da ka saba yi a titin gida, a nan ka juya shi." Sallau ya isa danja ya tarar da ja. Ya yi tunani: a gida wucewa yake yi, to a nan sai tsayuwa. Koriya ta kawo. Ya sake tunani: a gida ita ma wucewa yake yi. Ya kashe mota ya gyara zama. 'Yan acaɓar garin suka taru a bayansa suna danna hon kamar za su tsaga titi. A gida daƙuwa yake watsa wa irinsu, saboda haka ya leƙo ta taga yana bin su ɗaya bayan ɗaya: "Allah ya yi maka albarka. Kai ma Allah ya jiƙan mahaifa." Ranar dai gayan tuwo aka ci, miya ba ta samu zuwa ba.

Wata rana Rakiya ta ce, "Manta da waccan maganar. Ka riƙe hagu kawai. Ko me ya faru kada ka sake ta." Ya ɗebi yara da sassafe. Kwanar farko ya yi hagu. Ta gaba ma hagu. Makarantar na can dama, yaran na nuna masa suna ihu, shi kuwa ya ce Yaya Dakta ta hana. Bai ankara ba sai ga shi a ƙofar wani gida mai kama da nasu sak, har da wata tsohuwa tana shanya zane.

"Ikon Allah," in ji shi. "Gwaggo, ke ma makarantar aka sa ki?"

Wata rana Inna Delu ta ce ita za ta bi shi ta ga abin da ake ta ƙorafi a kai. Ta zauna a gaba, gefen da babu sitiyari. Sallau ya kai hannun hagu zai sa giya, ta make shi da mafici.

"Kai, ɗan nan! Abin da kake ci da shi kake taɓawa da hagu? Haka aka yi maka tarbiyya?"

Sallau ya janye hannu ya cusa a ƙarƙashin cinya. Ya gwada miƙo na dama, sitiyari ya zama ba mai riƙo, suka nufi wata mai gasa masara. Da suka sha da ƙyar, Inna ta lura cewa ita giyar a damanta take. Tun daga ranar aka raba aiki. Shi ya taka kuloci ya ce, "Gwaggo, ta biyu!" Ita ta ce bismillah ta tura. Tafiya ta yi kyau har sai da suka kai wani hawa, lokacin Inna na tsakiyar lazimi ba ta magana. Ya ce, "Gwaggo, ta ɗaya!" Ta ɗaga masa yatsa, wato ya jira. Ya jira. Motar ma ta jira, sannan ta fara komawa da baya a hankali, har ta zauna cikin shingen furannin wani bawan Allah.

Wannan shingen ne ya jawo faɗan da muka tarar, kuma Rakiya ce ta ci. Ta saya masa tikitin jirgi.

Wata rana, ranar tafiyar ke nan, Rakiya ta ce ko makulli ba zai taɓa ba, ita da kanta za ta kai shi filin jirgi. "Shekara nawa ina tuƙi a Kano? Zauna nan ka ga yadda masu hankali ke yi." Sallau ya zauna a kujerar Gwaggo da jakarsa a cinya, idonsa ya yi ja, yana jiyo waƙar da yaran Rafin Tsamiya za su ƙaga masa. Inna na baya ta ƙi kula kowa.

Rakiya na tuƙi tana lissafa masa laifuffukansa, daga miya zuwa furanni. Suka iso wani shataletale, bakinta na kan masarar mutane, hannunta kuwa ya koma Kano. Ta karya sitiyari dama.

Sallau ya kalle ta, ya kalli titi. Ya ce, "Ayya, Yaya Dakta. Ashe abin ya zo." Ya fizgi birkin hannu, da dama yadda Gwaggo ta koya masa, ya haye kanta ya zare makulli. Mota ta yi turus.

"Sallau! Kana hau..."

Ba ta ƙarasa ba. Wata babbar mota maƙare da ɗanyar ayaba ta shararo ta daidai inda za su shiga, iskarta ta girgiza su, wani nono na ayaba ya faɗo musu a kan bonet, tim.

Sallau ya fita da makulli a hannu, yana yi wa 'yan acaɓar da suka taru bayani da Hausa tsantsa, yana nuna Rakiya yana juya yatsa a gefen kansa. "Ku yi haƙuri, ba laifinta ba ne. Karatu ne ya yi yawa."

Inna Delu ta gyara mayafi. "To, Dakta, wa za a mayar gida?"

Rakiya ta fito, ta zagaya ta koma baya. Ta ciro tikitin ta tura can ƙasan jaka. Inna ta dawo gaba ta ɗora hannu a kan giya.

"Sallau," in ji Rakiya, murya ƙasa-ƙasa, "ka zauna. Ba inda za ka. Ja mu tafi."

Sallau ya ɗauko ayabar ya ajiye a but, ya shiga ya tayar da mota, ya dube ta ta madubi cike da tausayi.

"To Yaya Dakta, asibitin mahaukatan nasu, in na yi ta yin hagu zan same shi?"