Gaisuwar da Ta Kayar da Jirgina

Ba zan taɓa mantawa da ranar bikin yayan Zulai ba. Ko ni na so in manta, mutanen Dutsen Kura ba za su bari ba.

Bari in fara faɗin aibina da bakina. Ni, ƙato da gemuna, malamin makarantar sakandare, ina wasa da ɗan jirgin sama mai rimot. Da hannuna na ƙera shi da farin soson nan da ake kare sabon firji da shi. Duk Asabar ina fili, kai a sama kamar mai duban watan sallah. A lokacin ina neman auren Zulai. Manyana sun je, mahaifinta kuma, wani dattijo mai sayar da yadi, ya ce a ba shi lokaci. Zulai ce ta tsegunta min dalili: an kai masa labari wai saurayin nata har yanzu wasan yara yake yi.

Maganar ta ƙona min rai. Da mai hankali ne, da ya tura jirgin ƙarƙashin gado har a ɗaura aure. Ni kuwa na ce a'a, sai na nuna wa Baban nata cewa abin nan kimiyya ce. Na yanke shawara ranar walimar ɗansa zan ɗaura wa jirgin ƙyalle mai sunan ango da amarya, ya zaga saman taro.

Matsalar ita ce rimot ɗin ɗan gwanjo ne, jirgi na yin nisa sai ya daina jin magana. Na nufi Sabon Gari wajen masu gyaran rediyo, na zaɓo eriya irin mai zugewar nan, wadda ta fi kowacce tsawo a shagon (a tunanina, iya tsawon eriyarka iya zurfin iliminka). Na liƙa ta da dalma. Sandunan tuƙin ma, 'yan ƙarafan nan biyu da ake turawa da manyan yatsu, na sauya su da sababbi masu laushin tsiya. Ko atishawa ka yi, jirgi sai ya karkata.

Ranar walima bayan la'asar aka taru a filin wata firamare, kanofi ko'ina. Na koma gefe na zuge eriyata har ƙarshe, na tayar da jirgi. Ya tashi tsaf, ƙyalle na filfilawa a bayansa. Mata suka rangaɗa guɗa. Na hango Zulai cikin ƙawayenta tana rufe baki tana murmushi, kaina ya yi wani irin girma.

Sai na ji gyaran murya a gabana. Baba ne, cikin farar babbar riga, an kafa hula.

Kun dai san ba a gaishe da suruki a tsaye, ba a kuma kallon idonsa. Ƙafafuna ba su ko yi shawara da ni ba, na zube ƙasa na sunkuyar da kai. Eriya ma ta rusuna tare da ni. Na ji ta ɗan yi nauyi, amma ban kawo komai a raina ba.

"Barka da yamma, Baba."

"Barka kadai, Malam. Ya gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Madalla. Ya Hajiya da ƙafar tata?"

"Da sauƙi sosai."

Na ɗauka nan za a tsaya. Ina! Baba ya tambayi ɗalibaina. Ya tambayi kawuna na Maikunkele, ya tambayi doyar kawun, ya tambayi ruwan bana ko ya yi musu yadda ake so. Ni kuwa idona na kan takalminsa, kunnena na sama. Ina jin kukan farfela ya yi nisa, ya dawo, ya sake yin nisa. Yatsuna na kan sandunan nan masu laushi, duk "lafiya lau" ɗin da na faɗa sai na ji jirgi ya sauya murya (wallahi har addu'ar matafiya na yi masa a zuci).

Muna kan batun doya aka kwashe da ihu, sai kuma wata ƙara, facal! Muryar Maman Joy, maƙwabciyarsu da ta yi girkin bikin, ta cika filin.

"Wayyo ni! Wane ne ya kawo jirgi cikin shinkafa na? Ango bai ci ba, jirgi ya riga ya ci!"

Sai a lokacin na ɗago. Can na hango wutsiyar jirgina a tsaye cikin babbar kular dafa-duka, sunan amarya jage-jage da mai. A gabana kuma ga Baba kai ba hula, sanƙonsa na sheƙi. Hular tana saman eriyata tana lilo. Ashe duk gaisuwar nan a haka ya yi ta, ko gezau. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya miƙa hannu ya ciro hularsa, ya kaɗe, ya mayar.

"To, Malam," ya ce, "je ka duba fasinjojinka."

Na ɗauke ƙafa daga zuwa zance, don na riga na sallama Zulai, kuma abin ya yi min ciwo ƙwarai. Rannan sai ga kawu ya kira ni yana dariya har da tari. Wai Baba ya aika a zo a sa rana.

"Cewa ya yi yana kallon jirgin ta saman kanka, da gangan ya ja gaisuwar," in ji kawu. "Ya ce yaron da zai bar abin da yake so ya faɗa shinkafa bai ɗago masa kai ba, ya ba shi 'yarsa. Amma wai ka rage tsawon ƙarfen nan."

Na rage. Yau 'ya'yanmu da Zulai ke tsince min jirgi idan ya faɗi, Baba kuma ba ya kirana sai Kyaftin. Darasin da na ɗauka bai da yawa: in ka hango surukinka tafe, fara sauke jirginka tukuna. Shi ma Baba ya ɗauki nasa, don har gobe in na durƙusa gaishe shi, sai ya sa hannu ya dafe hula.