Gaisuwar Suruki a Kan Siminti

Ba zan taɓa mantawa da ranar da tsakar gidana ta sa ni rawa a gaban surukina ba.

Da muka dawo Mubi daga gudun hijira, na dawo da wani ciwo, wato son gidan birni. A Yola na ga tsakar gida shafe da siminti fes, ba ganye ba kashin tsuntsu. Sai na sa aka sare darbejiyar da kakana ya dasa, aka malale ko'ina da siminti, aka ɗaga katanga. (Maƙwabta ma haka suka yi, kada a ce ni kaɗai ne wawan unguwar.)

Lokacin matata tana ƙauyen Bahuli wajen iyayenta, ta haifi ɗanmu na fari. Da ta yi arba'in, mahaifinta ya ce sai ya ga gidan da idonsa kafin ya bari ta dawo da jikansa. Na yi murna, na ce yau Baffa zai san 'yarsa ta auri ɗan gari.

Ya iso cikin watan Afrilu, rana ta take. Kun san ba a gaida suruki da takalmi. Na tuɓe, na tsugunna a tsakiyar simintin, shi kuwa yana tsaye a bakin zaure.

Wallahi kamar na taka kaskon tuya. Ga gaisuwar Baffa ba ta ƙarewa.

"Yaya kasuwa? Yaya gajiya? Yaya zafi?"

"Lokacinsa ne, Baffa," na ce, ina ɗaga ƙafar hagu, ina sauke ta dama.

Ina murna ya gama, sai ya koma Fulatanci ya faro daga farko. Nan kunya ta ƙare. Na zabura da gudu, na faɗa cikin bahon wanki ƙafa biyu, na tsaya a ciki riƙe da babbar riga.

Baffa bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Ya sunkuya ya ɗora tafin hannu a ƙasa, ya janye da sauri.

"Ƙafarka mai kaushi ba ta iya ba," in ji shi. "Jikana da zai yi rarrafe fa? Nemo keke mu je."

A Bahuli aka shimfiɗa min tabarma a gindin mangwaro, aka kawo ruwan randa. Jama'a, ranar nan ce fa da ta gasa ni a gari, ba wata aka canjo ba! Amma ga iska tana ratsa ganye, ƙasa da sanyinta, jaririn yana barci ko gumi babu. A unguwarmu kuwa har bayan magariba bango da kwalta suna huci kamar tanda. Ikon Allah! Ashe irin wannan ni'ima ce a gidana tun kafin a haife ni, na sa mata gatari.

Baffa ya ce uwa da ɗa suna nan har sai inuwa ta dawo gidana. Na fasa siminti, na dasa darbejiya, na kafa rumfar zana kafin ta girma. Duk da haka a Bahuli ɗana ya fara rarrafe, ni sai labari na ji.

Tun daga nan, duk gyaran da zan yi a gida, sai na tuɓe takalmi na fara shawara da ƙafata.