Baban Ta-Ɗaya

Duk layinmu babu wanda ya san ilimi kamar Mai Tayil. Allah ya yi masa baiwa: daga ƙofar makaranta kawai yake gane zurfin karatun cikinta. In ƙofar na da maigadi mai hula, motar ɗaukar yara na da labule, yara kuma na ɗaura laktaye, to magana ta ƙare. Littafin 'yarsa kuwa bai taɓa buɗewa ba, manya ba sa shiga ƙananan abubuwa.

Autarsa na aji shida a makarantar kuɗi, kuma tun daga aji ɗaya ita ce ta ɗaya. Kowace takardar sakamako sai ya sa an yi mata firam, ya rataye a shago tsakanin samfuran tayil. Ka shigo neman na banɗaki, sai ka fita da tarihin Auta. Shi ya sa muke ce masa Baban Ta-Ɗaya, shi kuma yake amsawa har da gyara tsayuwa.

Ƙanensa tela ne, 'yar telan ita ma na aji shida, amma a makarantar gwamnati. Da ta zo ta goma sha huɗu cikin yara tamanin, Baban Ta-Ɗaya ya tako har shagon ɗinki ya yi musu jaje.

"Ni ba na ganin laifin yarinya," in ji shi, yana kaɗa makullin mota. "Wurin da taga ba gilashi, malami na zuwa a keke, me za a koya? Ilimi kamar tayil ne, ƙanena. Akwai na waje, akwai na gida."

Tela ya ce, "Haka ne, Yaya," ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa.

Uwar Auta ce ta fara ɓata lissafi. Ta ba yarinyar takardar magani ta karanta mata, Auta ta yi ta in-ina har ta fashe da kuka. Ga shi saura wata uku a zauna jarrabawar shiga sakandare, wadda ake yi wa kowa iri ɗaya, kuma masu dubawa lamba suke gani, ba su san motar uban kowa ba. In ta faɗi, sai ta maimaita aji. Hankalin uwa ya tashi, ta roƙi a bar Auta ta riƙa zuwa shagon tela da yamma, 'yar'uwarta na yi mata bita.

"Ta ɗaya ta je wajen ta goma sha huɗu?" in ji shi. "So kike a shafa mata?"

Sai ga ranar ba da kyaututtuka a makarantar su Auta. Da yake shi ne shugaban iyaye, aka ba shi minti biyar, ya ci ashirin da biyar. Ya yi wa makarantun gwamnati wankin babban bargo, aka tafa. Daɗin tafi ya kwashe shi, ya ajiye takardar da aka rubuta masa.

"Domin 'yan baya su yi koyi," ya ce, "ina son mahaifin wanda ya zo na ɗaya a aji shida ya miƙe a gan shi."

Shi dama a tsaye yake, har ya fara ɗaga hannu. Sai kujeru suka fara ƙara. Mai kemis ya miƙe. Matar likita ta miƙe. Mai gidan burodi ya miƙe yana gyara riga. Yara ashirin da biyu ne a ajin, iyaye ashirin da biyu suka tsaya ƙiƙam suna kallon-kallo, kowa da firam ɗinsa a gida.

Hedimasta ya daɗe yana nazarin takalminsa, kafin ya karɓi makirfo ya yi bayani cewa tsarin zamani ne, makarantar ba ta son karya zuciyar kwastoma. Ya so ya ce ɗalibi, amma ta riga ta fita.

Washegari da la'asar aka ga motar Baban Ta-Ɗaya a bayan layi, nesa da shagon tela. Shi kuwa ya leƙo shagon, ya ce iska ya zo sha. Auta na kan benci tsakanin kekunan ɗinki, 'yar tela na nuna mata layi da bakin almakashi. Ashe uwar ta yi wata guda tana kawo ta a ɓoye.

"Baba, yau na ci huɗu cikin goma," in ji Auta, fuskarta fal murna. "Kuma ni na yi da kaina."

Wallahi ni da nake jiran ɗinkina sai da tausayinta ya kama ni. Shi kuwa ya yi gyaran murya, ya ce dama yana da niyyar duba tsarin koyarwar wurin. Can ya sassauta murya ya tambayi 'yar ƙanensa, "To, kina ganin za ta ci?"

"Za ta ci, Baffa, in aka bar ta ta yi karatu."

Da sakamako ya fito, a bangon makarantar gwamnatin aka manna shi, don nan aka zauna jarrabawar. Sunaye na bin maki, daga sama har ƙasa. Baban Ta-Ɗaya ya ture mutane ya ɗora yatsa a layin farko, bisa sabo. Ya wuce 'yar tela tun yana tsaye. Ya sunkuya. Ya ƙara sunkuyawa. Auta ta ci, sunanta na biyun ƙarshe, dab da siminti.

Duk layinmu mun shaida, sai da ya kai gwiwa biyu ƙasa a gaban makarantar da ba ta da gilashin taga kafin ya ga sunan 'yarsa.