Gawar Sarki Wiliyam a Gidan Makoki

Ba zan taɓa mantawa ba, ƙarfe huɗu da rabi na yammacin wata Alhamis bakina ya buɗe a inda ya kamata ya zauna a rufe.

Lokacin ina shekarata ta farko a Riyad, ina karatun tarihi. Ƙawaye kam babu. Larabcin 'yan ajinmu gudu yake yi, nawa kuwa na littafi ne, in na yi magana sai su yi murmushi kamar mai huɗuba ya shigo aji. Hausa sai a waya da Umma. Don haka wanda na fi sani a duk garin shi ne Wiliyam, sarkin Normandi da ya haye teku ya ci Ingila da yaƙi, wanda nake rubutun ƙarshen zango a kansa. (Na san sunan matarsa da na 'ya'yansa, amma ban san sunan yarinyar da ke ɗakin kusa da nawa ba.)

A ranar ne Anti Saude, ƙawar Umma, ta kira ni. "Shirya ki raka ni gaisuwa unguwar Al-Badi'a, mijin Hajiya Mariya ya rasu. Yalla, fito ki ga mutane, kar littafi ya cinye ki." Allah ya yafe min, murna na yi. Makoki ne, amma za a yi Hausa.

Falon cike yake da mata, 'yan Maraɗi da Damagaram da namu na Kano. Na yi ta'aziyya, na lafe a lungu da kofin gahawa. Burina ɗaya: kafin in fita, wata ta karɓi lambar wayata.

Sai wata dattijuwa ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Duniya ke nan. Ko sarki ne, in lokaci ya yi, shi kaɗai zai kwanta."

Karo na farko cikin watanni an taɓo abin da na sani.

"Wallahi haka ne, Inna," na ji muryata tana cewa. "An yi wani sarki a ƙasar Turawa..."

Duk suka juyo. Daɗin ana saurarona ya ɗebe ni. Na ba su labarin yadda ya mallaki ƙasa biyu, amma yana cikawa fadawansa suka hau dawakai kowa ya tafi tsaron dukiyarsa, barori suka kwashe har tufafinsa, suka bar shi a ƙasa. Da nan na tsaya, da wa'azi na yi. Sai dai ni ban iya barin labari rabi ba. Na ce gawar ta daɗe ba a binne ba har ta kumbura. Anti Saude ta mintsine ni a cinya, na zaci gyara zama take. Na ce kabarin dutsen ya yi masa kaɗan, aka danna shi da ƙarfi, cikin ya fashe, wari ya kori masu jana'iza. (Har da nuna dannawar na yi, da hannu biyu.)

Wata ta ajiye dabinon da ta kai baki. Hajiya Mariya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta shige ɗaki.

A kan matakala Anti Saude ta juyo. "Ke wace irin yarinya ce? Bawan Allahn nan kwanaki ya yi a ɗakin ajiye gawa ana neman kafilinsa, uban gidan da ya kawo shi aiki ƙasar, ya sa hannu. Abokan aikinsa na masana'anta ba a bar su sun fito jana'iza ba. 'Ya'yansa na Maraɗi ko gawar ba su gani ba!"

Babu wadda ta karɓi lambata. Mako guda ko littafin ban iya buɗewa ba. Abin da na koya dai shi ne, labari yana iya zama gaskiya tsantsa kuma ya zama ba wurinsa ba ne. Kuma in babba ta mintsine ki, ba gyara zama take ba.

Alhamis ta zagayo, na koma ni kaɗai. Falon nan da ya cika, yanzu sai ita da na'urar sanyaya ɗaki.

Na durƙusa. "Hajiya, don Allah ki yafe min."

Ta kalle ni ta ce, "Sarkin nan naki, wa ya ɗaga shi daga ƙasa?"

"Wani mayaƙi ne ɗan karkara. Ba ɗan'uwansa ba ne, tausayi kawai ya ji."

Ta gyaɗa kai. "Nawa ma wani direba ɗan Fakistan ne ya yi ta zirga-zirgar takardun. Ko sunansa ban riƙe ba."

Na sake cewa, "Kin yafe min, Hajiya?"

Ta turo min butar shayi da yatsa. "Tun da aka watse, ke kaɗai kika sake ƙwanƙwasa ƙofar nan. Ki riƙa zuwa duk Alhamis, 'yata. Amma sarkin nan naki, ki cire shi a bakin ƙofa tare da takalmanki."